Mutumin da Ya Ce An Musanya Masa Ƙane

Mai girma shugabar wannan zama, Mai Shari'a Eulália Bittencourt, masu girma lauyoyin gwamnati da lauyoyi masu kare waɗanda ake tuhuma, waɗanda sai yau na gan ku a benci ɗaya ba mai hararar wani, shugaban majalisar gari da kansiloli, Fada Honório, likitoci da malaman jinya, sai ku maza da mata da sunayenku suka fito a jerin masu taya alƙali yanke hukunci na bana, da sauran jama'ar da suka cika zauren nan har bakin ƙofa: ina gaishe ku, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Mai Shari'a da ta ba ni wannan dama, ina kuma gode muku da kuka baro gonaki da shaguna a tsakiyar kakar gahawa. Ga wanda bai san ni ba, sunana Olímpio Sarmento. Shekara talatin da huɗu na yi ina ɗanɗanar gahawa a ƙungiyar manoman garin nan, ina faɗin wadda ta yi kyau da wadda ta gaza. Ban karanta shari'a ba, ban karanta likitanci ba. Abin da ya tsayar da ni a gabanku shi ne, shekara goma sha tara da suka wuce an jawo sunana daga akwatin ƙuri'a, na zama ɗaya daga cikin mutum bakwai da za su yanke hukunci a shari'ar kisan kai. A wannan shari'a masana halayyar ɗan Adam biyu suka tsaya a gabanmu, kowanne ya rantse, kowanne da takardun shaidarsa, kowanne ya faɗi kishiyar abin da ɗayan ya faɗa. Tun daga ranar wata tambaya take bina: idan mutum ya ce ya leƙa cikin kan wani ya gani, mu da ba mu iya leƙawa ba, da me za mu auna maganarsa?

Ga yadda abin ya faru. Anselmo direban tarakta ne, ɗan shekara hamsin da biyu, mutum mai shiru. Ƙanensa Gervásio yana zaune a gidan da ke kallon nasa, a filin da ubansu ya bar musu. Wata Talata da rana tsaka, a farfajiyar da ake shanya gahawa, Anselmo ya sari Gervásio da adda a gaban mutum biyar. Bai gudu ba. Da 'yan sanda suka iso ya miƙa musu addar, ya ce, "Madalla da kuka zo. Yanzu sai ku binciko inda suka ɓoye ƙanena." Shi a wurinsa wanda ya kashe ba Gervásio ba ne, wani ne mai kama da shi da aka ajiye a gidan. Lauyan gwamnati ya ce shiri ne, domin kowa ya san 'yan'uwan sun yi shekara uku suna jayayya a kan iyakar gona ta bakin rafi. Lauyan Anselmo ya ce ciwo ne, domin shekara biyu kafin nan tarakta ta kife da shi, ya kwana huɗu bai san inda yake ba.

Magana ta farko da zan bar muku ita ce: kada ku tsaya a kan abin da masani ya ce, ku tambaye shi ta yaya ya sani. Doka ta ba ku damar rubuta tambaya ku miƙa wa alƙali ya karanta, kuma mutane da yawa suna jin kunyar yin haka. Kada ku ji.

Masani na farko shi ne Dakta Quintela, wanda dangin mamacin suka ɗauko daga babban birni. Dogo ne, mai furfura, mai murya irin ta masu karanta labarai. Ya ce Anselmo lafiyarsa ƙalau, wayo ne kawai. Ya yi mana bayani na awa guda, kuma in faɗa muku gaskiya, da a lokacin aka ba ni katin ƙuri'a da na bi shi ido rufe. Amma wani abu ya yi ta sosa ni, sai na rubuta a takarda: "Idan mutum ya yi maka ƙarya, ta yaya kake ganewa?" Alƙali ya karanta. Dakta Quintela ya yi murmushi ya dubi inda muke, ya ce, "Ranku ya daɗe, shekara talatin ina wannan aiki. Kafin mutum ya ja kujera ya zauna na gama karanta shi."

Jama'a, na san wannan amsa, domin ni ma da ita nake tinƙaho a wurin aikina. Sai dai ni akan jarraba ni. Akwai ranar da abokan aikina suka zuba gahawa ɗaya a kofi biyu ba tare da na sani ba, na ce wannan ta sarakuna ce, wannan ko jaki ba zai sha ba. Sun yi wata guda suna kirana Mai Harshe Biyu. Na ji kunya, amma na ƙaru. Sai na tambayi kaina a kujerar nan: a shekara talatin ɗin, wa ya taɓa ajiye wa Dakta kofi biyu? Idan ya ce mutum maƙaryaci ne aka ɗaure shi, wa zai dawo ya gaya masa ya yi kuskure? Da lauyan Anselmo ya tambaye shi tsawon zaman da ya yi da wanda ake tuhuma, sai ya ce minti arba'in.

Magana ta biyu ta fi tsawo, ku yi haƙuri da ni. Ita ce: daɗin baki ba hujja ba ne, rashinsa ma ba hujja ba ne, ku nemi abin da wani zai iya dubawa ko da masanin ba ya wurin.

Masaniya ta biyu ita ce Dakta Iracema, wadda kotu ta naɗa. Gajeruwa ce, muryarta ba ta kai ƙarshen zaure, takardunta sun zube sau biyu. Ana tambayarta ko faɗuwar taraktar ce ta jawo ciwon, ta ce, "Mai yiwuwa, amma ban sani ba." Ana tambayarta ko Anselmo zai warke, ta ce, "Ban sani ba." Har lauyan gwamnati ya ce, "Dakta, ki taimaka ki gaya mana sau nawa za ki ce ba ki sani ba kafin abincin rana, mu san lokacin ɗora wake." Zaure ya fashe da dariya, ni ma na dara. Ita kuwa ta gyara tabarau ta ce, "Duk sanda ka tambaye ni abin da ban sani ba."

Sai na sake miƙa tambayata, kalma a kan kalma. Ta ce ta zauna da Anselmo sau tara, kuma ta ɗana masa tarko. A cikin tambayoyinta ta cusa alamomin da babu mai ciwon gaske da yake da su: ko yakan ga duniya baƙi da fari idan ya tashi barci, ko yakan manta sunansa duk ranar Lahadi. Mai kwaikwayon hauka yakan amsa da "eh" ga kusan duka, domin yana so a ga ciwonsa ya yi yawa. Anselmo bai amsa ko ɗaya ba, sai ma ya fusata ya ce, "Haba Dakta, mahaukaci kika ɗauke ni? Ni lafiyata lau. Maimakon wannan shirme, ku je ku nemo Gervásio." Ku lura da kyau: mutumin da hauka kaɗai zai iya raba shi da kurkuku, shi ne yake rantsuwa cewa hankalinsa garau.

Sannan ta fito da wani kati daga ƙaramin asibitin ƙauye, wanda aka rubuta wata takwas kafin kisan. Matar Anselmo ce ta kai shi. Malamar jinya ta rubuta layi ɗaya: "Ya ce an musanya masa kare da wani mai kama da shi." An ba shi maganin barci an sallame shi. Wannan layi an rubuta shi lokacin da babu gawa, babu lauya, babu wanda yake buƙatarsa.

Amma abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne maganar waya. Lauyan gwamnati ya nuna cewa a safiyar ranar Anselmo ya kira Gervásio sun yi minti goma suna magana, har yana kiransa da sunan da suke kiransa tun suna yara. Dakta Quintela ya ce to ga ƙaryar ta fito, ya san ƙanensa sarai. Dona Celina, matar mamacin, tana tsaye kusa da mijinta lokacin, kuma ta faɗi abin da ta ji ba ragi. Ta ce Anselmo yana kuka yana cewa, "Vavá, duk inda kake kada ka dawo. Akwai wani a gidanka, yana sa rigarka, yana zama a kujerarka. Bar ni da shi." Shi kuma Gervásio ya yi dariya ya ce, "Kai Yaya, ka cika rigima. Ni ne fa a gidan. Zo ka gani da idonka."

Ya kuwa zo.

Dakta Iracema ta ce wannan waya ita ce ta fi komai nauyi a wurinta. Ta ce a irin wannan ciwo kunne yakan gane murya, zuciya ta amsa. Ido kuwa yakan ga fuskar daidai, amma ɗumin nan da mutum yake ji idan ya ga nasa ba ya zuwa, sai ƙwaƙwalwa ta yanke cewa lallai wannan baƙo ne. Ta ce direban tarakta da bai gama firamare ba, ina zai san haka har ya kwaikwaya? Kuma mai shirya ƙarya, me zai sa ya bar abin da kowa zai ɗauka ya tona shi? Hujja ɗaya, masana biyu, fassara biyu. Bambancin shi ne ɗaya ya gaya mana abin da ya gani, ɗayar ta nuna mana inda za mu duba.

Magana ta uku gajeruwa ce: masani yana ba da shaida ya hau motarsa ya tafi, nauyin yana nan a kanku. An shigar da mu ɗaki, an hana mu tattaunawa, an ba kowa kati biyu, na "eh" da na "a'a". Rigimar bakin rafi gaskiya ce, ba wanda ya ƙirƙire ta, kuma har na saka katina ina tambayar kaina ko ciwo da ƙulli ba za su iya zama a ƙirji ɗaya ba. Ba zan faɗi abin da na jefa ba, Mai Shari'a tana kallona. Da ƙuri'a huɗu suka haɗu a gefe ɗaya aka daina ƙirga, kamar yadda doka ta ce. Aka yanke cewa Anselmo ya yi kisan amma ba ya cikin hankalinsa, aka kai shi asibitin da ake tsare irinsa, ba tare da ranar fita ba.

Bayan mako biyu na haɗu da Dona Celina a kasuwa. Na so in kauce, ta tare ni. Ta ce, "Malam Olímpio, ba faɗa zan yi ba. Tambaya ɗaya gare ni. Idan ba shi da laifi, ni wa zan ji haushi?" Na tsaya riƙe da ledar tumatir. Babu masanin da ya tanadar mini amsar wannan tambaya.

Shekara bakwai bayan haka na ga Dakta Iracema a tashar mota. Na gabatar da kaina, ta ce, "A'a, mai tambaya ɗaya sau biyu!" Muka zauna muka sha gahawar tasha, wadda ba zan faɗi darajarta a nan ba. Na ce, "Dakta, don Allah, mun yi daidai kuwa?" Ta ce a shekararsa ta huɗu a asibiti an dace da maganin da ya karɓi Anselmo. Wata safiya matarsa ta kawo masa hoton bikin 'yarsu, ya daɗe yana kallon Gervásio a ciki, sai ya ɗago ya ce, "Shi ne, ko? Shi ne a farfajiyar?" Matar ta ce shi ne. Kwana goma sha ɗaya bai ci abinci ba, sai da aka ɗaura masa ruwa. Dakta ta ce, "A ranar na tabbatar. Kafin nan, cikin goma ina da takwas ne." Na ce, "Da takwas kika tsaya a gabanmu?" Ta ce, "Da takwas ɗin da nake da su. Da na ce muku goma, da na yi muku ƙarya."

'Yan'uwana da za ku zauna a kujerun nan bakwai, ba kowane mai taya alƙali ne yake samun amsa a tashar mota ba. Yawancinku za ku jefa kati ku koma gida, ba za ku taɓa ji ba. Saboda haka ku saurara da kyau, ku tambaya ba kunya, ku girmama ilimi ba tare da kun durƙusa masa ba, ku tuna cewa a kowane gefen zauren akwai wanda zai koma gida da hukuncinku har ƙarshen ransa.

Allah Ya ji ƙan Gervásio, Ya sanyaya zuciyar Dona Celina, Ya sauƙaƙa wa Anselmo abin da ya gane. Allah Ya ba masananmu ilimi da ƙarfin halin faɗin iyakarsa, Ya ba alƙalanmu haƙuri, Ya ba ku kunnen ji da zuciyar adalci. Allah Ya yi wa amfanin bana albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.