Ni Na Jera Su, Ba Inna Mai Shara Ba

Mai girma shugaban kwamitin wannan ɗakin karatu, 'yan kwamiti, iyayenmu, malamai, da ku masu zuwa karanta jarida ku ɓige da gyangyaɗi a ƙarƙashin fanka, assalamu alaikum.

Ina godiya da aka ba ni dama in yi magana kafin a kaɗa ƙuri'a a kan sallamar Inna mai shara, wadda ake zargi da kashe mana kwamfuta. Shekara ashirin da shida ina kula da ɗakin nan, ban taɓa neman tsayawa gabanku in yi magana ba sai yau.

Na farko, abin da kowa ya sani. Ranar Litinin ta makon jiya aka kunna kwamfutar da ke riƙe da rajistar littattafanmu, ta nuna tambarinta, ta tsaya cak. Mun kashe mun kunna, mun zare waya mun mayar, mataimakin shugaba ya hura mata iska har hularsa ta faɗi, sakatare ya ɗan mare ta a gefe, ko gezau. Sai wani ya tuna ya ga Inna tana goge teburin da jiƙaƙƙen tsumma. Nan take aka ce ta zauna gida. Ina wurin, kuma na yi shiru.

Na biyu, abin da mai gyara ta gano. Baiwar Allah ta zo jiya, ta buɗe, ta ce babu ko ɗigon ruwa. Ta sake kunnawa tana danna wani maɓalli, sai ga shuɗin shafi. Ta ce sunansa bayos, a nan kwamfuta take duba inda za ta fara neman abin tashi, kuma an sa ta fara da faifan CD maimakon rumbunta na ciki. Ta ce, "Baba, wa ya shiga nan?" Na ce, "Ikon Allah!" Na kama kallon silin.

Na uku, abin da ni kaɗai na sani. Jama'a, ni na shiga. Ranar Asabar na ɗora ƙamus a kan maɓallan tana cikin tashi, shafin nan ya buɗe. Na ga jerin sunaye huɗu a hargitse, H na rumbun ciki a sama, C na faifan CD a ƙasa. Ni da ba na iya wuce kantar littattafai in ga littafi a gurbin wani, ni da na jera kayan yajin matata bi da bi har ta yi kwana biyu ba ta gaishe ni ba, yaya zan ga wannan in kau da kai? Na jera su tsaf bisa tsarin haruffa, C ya koma sama. Kwamfutar ta tambaye ni ko in adana, na ce ƙwarai kuwa. Na tafi gida ina jin na yi wa al'umma aiki.

Za ku ce me ya hana ni faɗa jiya. To, mai gyara ta ce da babu faifai a ciki, da kwamfutar ta wuce abinta. Ta zura ƙarfe a 'yar ƙofar sa faifai, ta zaro wani faifai duk ya kakkarce, ta karanta da ƙarfi: "Rage tumbi cikin kwana talatin." Ta ce na wane ne, na ce yaran zamani ba su da kirki. Ranka ya daɗe, nawa ne. Wata takwas ke nan ina motsa jiki da shi, kuma kuna ganin sakamakon da idonku.

Ta mayar da saitin yadda yake, minti biyu kwamfuta ta tashi. Ita kuwa Inna kwananta tara a gida, jikoki uku suna kallonta, saboda ina jin kunyar cikina. Dariyar nan da kuke yi na cancance ta, amma wallahi abin ya dame ni.

Da safen nan na je na ba ta haƙuri. Ta ce, "Malam, ai na sani. Kullum ina share ɗakin ciki ina jin ka kana tsalle kana nishi. Na ga kai ba ka faɗa ba, ni ce zan tona maka?"

Ta rufa mini asiri da aikinta, ni na rufa wa kaina da sunanta. Don haka ina roƙo a yaga takardar sallamar nan, a mayar mata da tsintsiyarta yau. In dole sai an kori wani, ga ni tsaye.

Allah ya saka wa Inna da alheri, ya shirya mu masu gyaran abin da bai lalace ba, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.