Muriel Mai Wasiƙu da Sunayen Yayyafi

Mai girma shugaban wannan zama, Mista Alec Dargue. Mai girma limamiyar cocinmu, Rabaran Joan Pattinson. Dattawan majalisar ƙauyenmu na Skelgarth. 'Yan'uwana makiyaya da suka baro tumaki a kan tudu suka sauko. Iyayenmu mata da suka cika teburin can da kek da butocin shayi. Jama'a maza da mata, manya da yara, barkanmu da yamma.

Ina godiya da aka zaɓe ni, ni Stanley Fearon, mutumin da ya fi sabawa da yi wa karnuka fito a kan yi wa mutane jawabi, in tsaya in yi magana a kan Muriel Braithwaite, wadda yau ta ajiye jakar wasiƙu bayan shekara talatin da ɗaya tana hawa tana gangarawa a kwarin nan. Abu uku zan faɗa, na ukun shi ya fito da ni daga gida.

Na farko, sanin ruwa. Dukanmu ƙarƙashin gajimare ɗaya muka girma, dukanmu mun gaji sunayen ruwan sama daga bakin kakanni, amma ba kowa ne ke ajiye suna inda ya dace ba. Idan Muriel ta leƙo ta tagar motarta ta ce "spitting" ake yi, wato sama tofi kawai take yi, ɗigo nan ɗigo can, mace ba ta wahalar da kanta da kwashe shanya. Idan ta ce "shower" ne, ka raɓe jikin katanga minti goma, ka fito ka ci gaba da tara ciyawarka. Idan kuwa ta ce "drizzle", yayyafin nan mai naci, to ka rufe ciyawar ka nemi aikin cikin rumfa. Mun sha jin rediyo ya faɗi nasa, Muriel ta faɗi nata, mu kashe rediyon.

Na biyu, taurin kai. Ita da matata Enid tun suna aji ɗaya a firamare suke jayayya a kan kalma guda, "mizzle", ruwan nan da ya fi hazo nauyi bai kai yayyafi ba, wanda ba ka ganin saukarsa sai dai ka ji gashin girarka ya jiƙe. Enid ta ce kalmar kakarta ce, ba ta da madadi. Muriel ta ce yayyafi ne kawai da ya ji kunya. Shekara talatin da ɗaya ina jin wannan rigima a ƙofar kicin ɗina, wasiƙuna suna jiƙewa a hannun ɗayarsu.

Na uku. Kun san abin da ya sami gidana a watan Oktoban bara waccan. Enid ta faɗi tana kwashe ƙwai, ɓarin jikinta na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Allah Ya saka musu, amma sun gaya mini gaskiya: tana ji, tana fahimta, ko za ta sake magana kuwa ba wanda zai iya alkawari. Muka dawo gida. Wata huɗu matar da ta koyar da rabin mutanen da ke zauren nan karatu tana zaune tana kallon bango. Mai koya mata magana ta zo ta nuna mata hoton kofi, hoton kyanwa, Enid ta rufe ido. 'Yarmu Gillian ta kawo takardar gidan kula da tsofaffi na birni, ta ce, "Baba, ba za ka iya da ita da tumaki ɗari uku ba. Ka sa hannu kafin su fara haihuwa." Ban sa ba, ban kuma yaga ba. Na soke ta bayan agogo.

Wata safiya Muriel ta shigo ba sallama, ta kama kujerar Enid ta juya ta zuwa taga. A waje ɗan tofi ake yi, wanda ko kaza ba za ta gudu dominsa ba. Sai ta ce, "Enid, kin ga ruwa kamar da bakin ƙwarya! Yau sai kwale-kwale." Na dube ta, na dubi tagar. Washegari ana yayyafi sosai, ta ce, "Kai, rana ta yi kyau, ki sa Stanley ya yi wanki." Haka kullum, mako bakwai, matar da ba ta taɓa kuskuren sunan ruwa ba tana zuba shirme a kicin ɗina.

Jama'a, ina neman gafara a gabanku, domin na tare ta a bakin mota na ce, "Muriel, ko tsufa ya fara taɓa miki kai, ko ba'a kike yi wa marar lafiya. Ko wanne ne, ki riƙa ajiye wasiƙa a akwati ki wuce."

Ta ce, "Stanley, kai tumaki ka iya kallo. Ka taɓa kallon hannunta na hagu in ina magana? Matse bargo take yi kamar za ta shaƙe ni. Mai jin haushi bai gama da duniya ba. Matsa min in wuce."

Ranar sha ɗaya ga Afrilu, ina cire takalmin roba a bakin ƙofa, tudun ya ɓace cikin ruwan nan mai laushi. Muriel ta tsaya bayan kujera ta ce, "To, yau dai ko ke kin yarda, wannan ɗan yayyafi ne, ba shi da wani suna." Sai na ji wani sauti, kamar ƙofar da ta daɗe a rufe. Leɓen Enid yana rawa, fuskarta ta yi ja. Ta ja numfashi sau uku, ta ce, "Mizzle." Ta huta, ta ƙara mata da zagi, "Jaka."

Muriel ta zauna a ƙasa, a kan daɓen kicin, da jakar wasiƙu a cinya, tana kuka tana cewa, "Sake zagina, Enid, don Allah sake." Ni kuwa na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa, na rasa inda zan sa idona.

Daga ranar aka fara. Kalma biyu ta zama goma, goma ta zama jimla. Mai koyar da magana ta ajiye hotunanta ta koma zama da ita a bakin taga. Gillian da hannunta ta zare takardar nan ta jefa a murhu. Ga Enid can a layin gaba da sandarta, ita za ta miƙa kyautar ƙauye in na sauka.

Ya ku jama'a, mun yaba wa Muriel don ba ta kuskure, amma ni na fi yaba mata don mako bakwai da ta yi tana kuskure da gangan, ana yi mata kallon wadda ta ruɗe, ba ta kare kanta wurin kowa ba. Ta kawo mana wasiƙun haihuwa, ta kawo mana wasiƙun rasuwa, ta ƙwanƙwasa ƙofar duk tsohon da ta ga bai buɗe labule ba. Ni kuma ta dawo mini da muryar matata.

Ɗazu a mota na tambayi Enid abin da take so in faɗa a madadinta. Ta daɗe tana haɗa kalmomin, sannan ta ce, "Ka ce ina sonta. Kuma kada ka cika surutu."

Saboda haka zan tsaya nan. Allah Ya ba Muriel hutu mai daɗi da ƙafafu marasa ciwo. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ba masu jinyarsu haƙuri. Allah Ya albarkaci garkunanmu da gonakinmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.