Fuskar Yaya Dije

Kuɗin motar da ya kai ni Maiduguri daga jikin tunkiyar Inna ya fito. Ke Ummi, matso da tabarmar inuwa, kai kuma Sadiku ajiye wayar nan, tunda ku kuka ce sai na faɗa muku asalin baƙin akwatin da ke ɗakin kakarku. Ranar da zan tafi ci-rani Inna ta kira ni ɗaki, ta ba ni ƙullin kuɗin, sannan ta buɗe kwalla ta zaro wani faifan kallo naɗe a tsohon ɗankwali.

"Ungo. In ka samu hali, ka sayo mini abin da zai nuna wannan."

Faifan bikin Yaya Dije ne, babbar gwaggonku ta Kumasi. Ita ce 'yar farin Inna, kuma kun san kakarku da kunya. Ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "waccan". Ranar buɗar kai a Kano ba ta je ba. Da aka aiko da faifan, matan gari suka taru a gidan maƙwabta suna kallo, ita ta ce tana da surfe. Haka ya yi ta yawo gida gida har ya sha karce, sannan ta karɓe shi ta ɓoye. Yaya Dije kuwa mijinta ya wuce da ita Kumasi, shekaru suka ja. Kada ku ce mini waya. Ko an hau tudu an samu sabis an miƙa wa Inna, sai ta ce a gaishe su kawai.

Na ce, "Inna, me za ki gani a ciki?"

"Saƙina. Na ba gwaggwanninku farin saƙin kakata su lulluɓe ta da shi. So nake in ga ko da shi suka yi, ko sun sauya da na kanti."

Ni kuwa na yarda, don a lokacin in ka ce mini jaki ya haihu a kan bishiya sai in tambaye ka mace ko namiji.

Maiduguri ta karɓe ni da zafin da ban taɓa ji ba. Na samu ɗaki a Bulabulin, gidan wata dattijuwa Babarbariya, Hajja Falmata. Matar nan in ta wuce, ƙamshin turarenta sai ya yi sallah biyu a soro bai fita ba. Sunana Isuhu, amma ba ta taɓa kirana da shi ba.

"Kai Afuno! Wa ya shanya wando a igiyar lafayata?"

"Hajja, igiyar ai ta kowa ce."

"Ta kowa? Ubanka ya ɗaura?"

Afuno shi ne Bahaushe a bakinsu. Kullum sai mun yi, kuma kullum in na dawo sai in tarar da kwanon burabusko, abincinsu na tsaki, a ƙofar ɗakina. In na yi godiya ta ce ragowar kaji ne.

Aiki kuwa na samu a babbar kasuwa, layin masu kayan wuta, shagon wani Inyamuri, Oga Obinna. A garin aka haife shi, yana jin Barbarci fiye da yadda nake jin yunwa. Aikina goge ƙura da haɗa waya in mai saye ya zo gwaji. A nan na fara cin karo da manyan kalmomi. Akwai sidi, akwai dibidi, sai kuma sarkinsu, wai shi bulure, mai nuna hoto ecdi. Wayar da ake haɗa shi da talabijin, wai ecdi-em-ai, sai da na yi wata ina ce mata "hadimai", Oga yana riƙe ciki don dariya. Na ce ai ba ni na raɗa mata suna ba.

Oga yana da wani faifan gwaji guda, na kifaye a ƙarƙashin teku. In ya saka shi a bulure ya haɗa da shafaffiyar talabijin, wallahi sai ka ji kamar ka miƙa hannu ka kamo. Mutum zai shigo sayen batir, ya fita da kwali a ka. Wata rana na ce, "Oga, ai mutanen nan ba kifi za su kalla a gida ba." Ya ce, "Isuhu, ka sayar ko ka yi wa'azi, zaɓi ɗaya."

Da na ɗan tara abin hannu, sai na ɗauko faifan Inna na saka a wata 'yar dibidi mai araha. Ya kama. Ga mata cike da tsakar gida, ga masu kiɗan ƙwarya, ga amarya zaune a tsakiya lulluɓe da farin saƙi, shi ɗin dai na kakar Inna. Gwaggo Abu ta matso, ta kama bakin saƙin za ta ɗaga, sai hoton ya tsaya cak. Ya farfashe ya koma 'yan murabba'ai, na'urar ta yi ƙugi ta tofo faifan. Na ce to ai shi ke nan, saƙi dai ya fito, buƙata ta biya. Oga ya ba ni aronta in je gida in ƙara gwadawa kafin in saya.

Da la'asar na haɗa ta da talabijin ɗin Hajja Falmata, ina ba ta labari cike da alfahari. Ta kalla har inda ya tsaya. Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa.

"Amaryar 'yar farinta ce?"

"Ita ce, Hajja."

"Rabonta da ita?"

"An daɗe."

"Kai Afuno, kanka na ɗaukar kaya ne kawai? Mace ta sayar da tunkiyarta don ta ga zane? Zanen da ta sani tun tana goye?"

Na tuna yadda Inna ta naɗe faifan nan, da yadda ta kau da kai lokacin da take miƙo mini. Kunya ta kama ni, tausayinta kuma ya cika mini ciki.

"Mayar musu da wannan gwangwanin," in ji Hajja. "Kada ka koma garinku sai da abin da zai ɗaga lulluɓin nan."

Washegari na faɗa wa Oga. Nan take idonsa ya yi haske, ya sauko da sabuwar bulure mafi tsada a shagon, siririya kamar faranti.

"Wannan ita ce maganinka. Ka biya a hankali, ni da kai ba bare ba ne."

"A gwada tukuna."

"Gwaji? Ba ka ga kifi ba?"

"Oga, yayata ba kifi ba ce."

Aka saka. Ita wannan ko kiɗan ƙwaryar ba ta bari mun ji ba. Ta yi ɗan tunani, ta turo faifan waje kamar an ba 'yar sarki tuwon jiya. Oga ya ce laifin faifan ne, na ce laifin girman kanta ne, muka yi ta yi har maƙwabta suka leƙo. Ranar na gane abin da nake faɗa wa duk mai saye har na bar shagon. Kada ka zaɓi na'ura da faifan mai shago, ka zo da naka na gida, wanda ya fi shan wahala. Ka juya bayanta ka ga ko ramukanta sun dace da talabijin ɗinka. Kuma ecdi ba ta ƙara wa tsohon hoto abin da mai ɗauka bai ɗauka ba, sai dai ta gyara masa zama.

Daga nan fa aka shiga farauta. Duk shagon da aka sauke sabon kaya, sai in je da ɗankwalina. Tun ana korata har aka koma kirana. Layin nan kaf ba wanda bai haddace bikin Yaya Dije ba. Mai shayin bakin layi yana fifita wuta yana rera waƙar masu ƙwarya. Wani Bukar mai gyaran rediyo ya ƙi jinin Gwaggo Abu, wai ita ce mai nauyin hannu. In an zo wajen, sai ka ji ƙarti suna ihu, "Ɗaga! Ɗaga mana, Hajiya!" Sai hoto ya tsaya, kowa ya yi tsaki ya koma shagonsa.

Magunguna kuwa ba irin wanda ba a ba ni ba. Wani ya ce man goge baki, wani ya ce ɓawon ayaba. Mai kwamfuta ya gwada kwafewa, ita ma ta tsaya a hannun Gwaggo Abu. Hajja Falmata da kanta ta turara shi da turaren wuta, ta ce ko bai yi ba ya yi ƙamshi. Ni dai tsorona kada garin neman gira a rasa ido, don faifan nan ba shi da na biyu, kuma kowane gwaji ƙara masa karce yake. Har na fara tunanin in haƙura.

Ana nan sai aka kawo wa Oga kayan gwanjo, 'yan Kwatano. A ƙasan buhun akwai wata tsohuwar bulure, baƙa, mai nauyi kamar dutsen niƙa, gefenta a lotse. Oga ya ce a ajiye ta a ciro kayan gyara. Na juya bayanta, na ga tana da ramin hadimai, tana kuma da na wayoyin nan uku, ja da fari da rawaya, irin na talabijin mai ƙusumbi. Na ce bari in gwada na ƙarshe.

Da hantsi ne, kasuwa ta cika. Ta haɗiye faifan ta yi shiru, har na ɗauka ta mutu. Sai ga kiɗa. Kafin a zo wajen, ƙofar shago ta toshe da mutane. Gwaggo Abu ta kama bakin saƙi. Hoto ya tsaya. Na'urar ta yi gurnani, ta yi ƙaf ƙaf, Bukar yana cewa, "Yi haƙuri, 'yar dattijuwa, yi haƙuri." Murabba'an suka watse, suka haɗu, sai hannun Gwaggo Abu ya ƙarasa sama.

Ga Yaya Dije. Kanta a sunkuye, sannan ta ɗago ido ta yi wannan murmushin nata mai wushirya.

Wata mai sayar da ƙosai ta rangaɗa guɗa. Mai shayi ya ce kowa ya sha kofi ɗaya a kansa, daga baya ya ce wasa yake. Oga Obinna ya rungume ni yana cewa, "Kai, ashe yayarka ta fi kifi!" Ni kuwa hawaye nake, ban ma san suna zuba ba.

Da na kai ta gida, Hajja Falmata ta kalla sau biyu. Sannan ta ce, "Akwai abin da ke tsayar da hoto?" Na nuna mata maɓallin a sabon rimot ɗin da na sayo wa na'urar. Ta danna daidai kan fuskar, ta matsa kusa ta duba ko yana rawa. Bai motsa ba. Ta ce, "To, yanzu ka yi sayayya. Wannan maɓallin shi za ka fara koya wa innarka, kuma in ka kunna ka nemi abin yi a waje."

Da damina ta matso na yi sallama. Oga ya ƙi karɓar ko kwabo a kan tsohuwar, ya ɗora mini da wata ƙaramar shafaffiyar talabijin mai tsage a kusurwa, ya ce sallamata ke nan. Hajja ta ba ni kwalbar turare in kai wa Inna, ta ce in tafi da wandunana duka kada ta ga ko ɗaya a igiyarta. Abokan tafiyata sun dawo da babura da kekunan ɗinki. Ni na sauka a tasha rungume da baƙin akwati lotsattse, ana ta yi mini dariya.

Ranar da aka kawo wuta da rana na haɗa a ɗakin Inna. Ta zauna ta ba talabijin rabin baya, tana tsintar wake. Da amarya ta fito ta ɗan waiga.

"To, saƙina ne. Ba su sauya ba. Kashe, kada a sha wuta."

Na ce, "Bari ya ƙarasa, Inna, kashewa a tsakiya yana lalata shi." Na ajiye rimot kusa da tiren waken, na nuna mata maɓallin, na ce in tana son duba saƙar da kyau nan za ta danna. Sai na tuna ina da aiki a wajen akuya.

Ina tsakar gida ina jin kiɗan ƙwarya. Na ji ya zo wajen gurnanin nan. Ya wuce. Sai kiɗan ya ɗauke ɗif, kuma ba wuta aka ɗauke ba. Akuyar nan ta ci dusa ranar har ta gaji, ni ban koma ɗakin ba sai da aka kira la'asar. Na tarar da waken yadda na bar shi.

To, kun ji asalin akwatin. Sadiku, in ka shiga gaishe ta anjima, dubi rimot ɗin a kan kwalla, cikin ledarsa. Duk maɓallan sababbi ne fil, rubutunsu raɗau, sai guda ɗaya da ya goge har ya lotsa. In kun tambaye ta, za ta ce saƙi take dubawa. Kada wanda ya kuskura ya musa mata.