Riɗin Najmuddeen

A tashar Azare, cikin motar Kano.

"Hajiya, buhunki ya danne min ƙafa."

"Yi haƙuri, Alhaji. Riɗi ne, kuɗin asibitin ɗana Najmuddeen. In ya ji rauni jininsa ba ya tsayawa, duk wata sai mun ga likita a Kano."

"Subhanallahi! Ubansa fa?"

"Danginsa suka ce a wajena ya gado, ba ruwansu. Yayyena suka ce tunda namu ne, sun ɗauka. Suka ware masa gona a Yana, duk damina sai an yi mata gayya."

"Allah sarki. Yana iya tashi kuwa?"

"Tashi? Ka ga wancan mai musu da kwandasta? Shi ne!"

"Bar buhun nan inda yake, Hajiya."