Fuskar Inna a Ruwan Magani

Assalamu alaikum mai gabatarwa. A sanar da duk Damagaram: abokina Malam Habu ya sayar da ragonsa ya sayo tsohuwar na'urar wanke hoto. A nan Zinder ta gagara samuwa, sai a garin Takieta.

Na ce, "Malam, a zamanin salula?"

Ya ce, "Ɗauko tsohon fim ɗin hoton Innarka."

Ban da wannan fim, marigayiya ba ta bar hoto ba, masu hoton zamani kuma sun kasa fitar da shi. A ɗaki mai jan fitila ya haska fim ɗin kan takarda, ya tsoma ta a ruwan magani. Sannu a hankali fuskar Inna ta bayyana, har tsagar kumatunta.

Malam Habu, in kana saurare, na yi kuskure.