Askar da Maiwada Ya Ƙi Zarewa

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe Hakimi, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Malam Alƙali da Liman. Dagatai da masu unguwanni, malamin asibiti da zai zauna da mu, jama'ar Makarfi da baƙinmu na Ikara da Kudan, ina gaishe ku baki ɗaya. Ni ne Jumare na Gubuchi, manomi, kuma na gode da aka ba ni baki a ranar buɗe wannan ɗakin magani.

Na farko, zan ba ku labarin ƙanwata Sabuwa, mai kaɗin auduga. Tun tana goye ƙyanda ta cinye mata idon hagu, da na dama kaɗai ta girma, da shi take kaɗin da take ciyar da marayunta. Bara sai gyambo ya fito mata a baƙin idon nan. Ba tsinke ya tsone ta ba, ba kara, ba ƙaya, haka kawai ya ci ya ci har ya huje, ruwan ciki ya soma tsiyaya. Jama'a, na ji tsoro, wallahi na ji tsoro!

Muka hau jirgin ƙasa a tashar Gimi zuwa asibitin ido a Kano. Likita, wani Bature, ya janyo tantanin farin idon ya rufe hujin, sa'an nan ya ɗinke fatar ido, ta sama da ta ƙasa, ruf! Tafinta ya ce mana rumfa ce aka yi wa ciwon, kada kowa ya taɓa zaren sai mun komo.

Na biyu, ga inda maganar take. Da muka iso gida, baffanmu ya ga ido a ɗinke kamar bakin buhu, ya yi salati, ya ce Nasara ya ƙarasa makantar da yarinya. Ina gona ya aika aka kira Maiwada wanzami ya zo ya yanke zaren. Kun san al'adarmu, duk abin da ya toshe a jiki wanzami ke buɗe shi, kuma wanzami ba ya musu da dattijon gidan da ubansa ya yi wa aski. Maiwada ya durƙusa, ya duba, bai ko kwance zabira ba, ya ce, "Baba, ka gafarce ni. Ko kaciya na yi, ba na yarda wani ya kwance mini ɗauri kafin lokaci. Wanda ya ɗinka shi zai warware." Baffa ya zage shi tas, ya ce kada ya sake taka masa zaure. Maiwada ya haɗiye, ya tafi.

Da lokaci ya yi muka koma, likita ya cire zaren. Hakiya ta ɗan zauna a gefe, amma Sabuwa ta dube ni ta ce, "Yaya, ka rame."

Likita ya cancanci yabo, amma yau wanzami na zo yabawa. Maiwada, miƙe jama'a su gan ka. Kai, miƙe mana, yau ba ranar kunya ba ce! Ku dubi farar rigar da ke jikinsa. Sabuwa ce ta kaɗa zarenta da idon nan, baffa kuwa da kansa ya kai masa ita har gida.

Allah ya sa albarka a ɗakin nan, ya tsare mana idanunmu da na 'ya'yanmu, ya ƙara wa Hakimi lafiya, ya mai da kowa gida lafiya. Na gode.