Soket ɗina yana aljihun Baba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Habu ne daga Jakara.

Na sa wa injin ruwan gidanmu soket mai wayfai, don in an kawo wuta ina kasuwa in kunna shi ta waya. To Babanmu, da an ɗauke wuta sai ya cire komai daga bango, wai kar ta dawo ta ƙona. Kullum tanki wayam, ni ne da ɗaukar jarka. Wallahi na gaji.

Jiya na yi masa bayani a natse. Sai ya zaro soket ɗin daga aljihu ya ce, "Kwantar da hankalinka ɗan nan, lafiyarsa ƙalau."

Jama'a, ya zan karɓo shi ba tare da na ɓata wa Baba rai ba?